Abin da Ke Aljihuna a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun mahaifin malaminmu ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Ni mai gadi ne a wata unguwar ma'aikata a Dutse, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na haura hamsin. Malam sa'an ɗana ne, amma ba wanda nake gudun zubewar mutuncina a idonsa kamarsa. Shi ya fara nuna mini yadda ake rubuta sunana, bai taɓa yi mini dariya ba.

Wani ma'aikaci ɗan Filato da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar mini wata tsohuwar na'urar wasa, mai kamar sandar sabulu, da ɗan gilashi a goshinta. Daga wani tsohon fim ɗin yaƙi aka ɗauko wasan: soja ɗaya a daji, abokan gaba ba sa ƙarewa. Cewa ya yi in kai wa yara. (Har yau yaran ba su san da ita ba.) Aibinta ɗaya, ba ta riƙe inda ka tsaya. In ka kashe ta, ka koma farko. Wata huɗu ina fama ban taɓa ganin bos ba, wato babban abokin gaban da ke ƙarshen wasan.

Da rasuwar ta zo, 'yan aji suka ce ni ne babba, in je Ringim in yi ta'aziyya a madadinsu. Na samu kujerar baya a mota, na rage sauti, na ce bari in ɗan taɓa. Daidai shiga gari sai ga ni gaban bos, karo na farko a rayuwata. Mai hankali da ya kashe. Ni sai na danna madannin tsayarwa, na zura ta a aljihun gaba, na ce ai gaisuwa ba ta wuce minti goma.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun cika. Malam ya taso ya tarbe ni, ya zaunar da ni kusa da baffansa, ya shaida masa cewa ni ne uban ajinsu. Liman ya soma addu'a, wuri ya yi tsit. Na sunkuya na ɗaga hannuwa, gwiwata ta tokare aljihun, ta danne madannan na'urar har da na sauti.

Sai harbin bindiga ya tashi, ba ƙaƙƙautawa, da sautinsa har ƙarshe. Ana tsakiyar roƙa wa mamaci rahama. Na dafe ƙirji, abin ya ƙi. Na ciro ta gaban kowa, sojan ya faɗi, ta kuma kaɗa ɗan kiɗan nan da take yi in ya mutu. Liman ya dakata har na kashe, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na fi samun sauƙi.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a daidai lokacin, cikin duk kunyar nan, sai da na ji zafin asarar watannin nan huɗu.

Malam ya raka ni bakin titi. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ci amanar aji."

Ya kama hannuna. Sannan ya ce, "Baba, zuwan da ka yi shi ne zan riƙe. Amma su baffa ba su san ka ba sai yau."

Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban daina zuwa aji ba, sai dai na yi wata guda ban iya haɗa ido da shi ba. Mutane suna cewa ni mai haƙuri ne. A tabarmar nan na gane rabin haƙurin nan rashin iya sakin abu ne kawai. Yanzu ko ɗaurin aure za ni, sai na cire baturan na'urar na bar su a gida.