Minti Goma Sha Biyar na Janar Muttaka

Idan ana lissafa manyan mutanen da ƙasar Hausa ta ba wa Doha aro, to a fara da Malam Muttaka, a sha ruwa a huta, sannan a nemi na biyu. Ga tsayi, ga gashin baki, ga usur rataye a wuya. Shi ke riƙe da filin ajiye motoci na wani rukunin shaguna a Aziziya, fili mai gurabe arba'in da biyu, wanda bakinsa bai taɓa kira fili ba. "Yankina" yake cewa. Masu sayar da shayin karak na wurin suka laƙaba masa Janar Fenti, shi kuwa ya karɓi Janar ɗin hannu bibbiyu, ya yi kamar bai ji sauran ba.

A gaskiya riƙon ƙwarya yake yi. Wata uku aka ba shi na gwaji, ranar Alhamis kuma mudir, wato manajan wurin, zai zo ya yanke hukunci: ko a tabbatar da shi shugaban masu gadi, ko a mayar da shi ƙofar sito a Sanaya, unguwar masana'antu, inda ya shekara shida rana na gasa masa ƙeya. Matarsa Kausar kuwa tuni ta gama sanar da Gusau cewa mijinta ya zama darakta, don shi ya faɗa mata da bakinsa.

Dokar filin ba ta da wuya. Masu ginin sun shafa wa gurabe fenti: kore na minti goma sha biyar, rawaya na masu sauke kaya, shuɗi na masu naƙasa, fari na awa biyu. Ɗan allo ɗaya ya isa ya bayyana wannan, kuma allon na nan a bakin ƙofa. Amma me allo ya sani? Allo ba ya hura usur. Don haka Janar ya ƙirƙiro tsarinsa, wanda ya yi imanin wata rana za a koyar a jami'a. Mota na tsayawa sai ya durƙusa da alli, ya rubuta lokacin isowarta a jikin taya, ya miƙe yana kaɗe hannu kamar likitan da ya gama tiyata.

Hajiya Fausatu, 'yar Zangon Kumasi mai dafa wa wani ɗan gidan abinci shinkafa da wake, ta ɗanɗana adalcinsa. Ta tsaya a rawaya za ta sauke tukwane, ya ce tukunyar da ke tururi ba kaya ba ce, abinci ce. Ta koma kore, ya tsaya a kanta da agogo, tana kai da komo tana gumi, bai ko taɓa murfi ba. Ta ce ai da ya kama mata da sun gama tun ɗazu.

"Hajiya," in ji shi, "hannun da ke riƙe da doka ba ya ɗaukar tukunya."

Abokin aikinsa Moro, shi ma ɗan Zango, shi ke tuƙa motar janwe ta kamfanin, mai kai motocin da suka yi laifi wani kango can bayan gari. Moro mutum ne mai sanyi. Yakan leƙa shago ya nemo mai mota kafin ya ɗaura sarƙa, abin da ya daɗe yana ci wa Janar rai. Ran nan ya tara masu shara da masu shayi, ya tsayar da Moro a gabansu, ya ce daga yau babu tambaya, babu neman kowa. Tayar da allinta ya wuce lokaci, a ɗauke, ko ta ubansa ce. Moro ya ce ya maimaita don mutane su ji. Janar ya maimaita sau biyu, har da ƙarin kakansa.

Sai kuma ya sayi mota, don darakta ba ya saukowa daga bas ɗin ma'aikata. Tsohuwa ce tukuf, ba ta tashi sai da turi, amma ya sa an rubuta JANAR a gilashin baya da harufan zinariya. Inda ya dace da ita shi ne fari. To amma fararen gurabe suna baya, kusa da bola, inda kyanwa ce kaɗai za ta gan ta. Koraye kuwa suna gaban ƙofar gilashi, inda duk mai shiga sai ya yi tuntuɓe da ita. Janar ya zaɓi kore, kuma da yake shi ba ya karya doka, ita ma yakan rubuta mata alli. Duk minti goma sha huɗu sai ka ji usur, masu shayi su ajiye buta su zo su tura ta gurbi na gaba, shi yana ciki riƙe da sitiyari yana ɗaga wa jama'a hannu. A yini guda motar kan yi tafiyar taku sittin, kowane taku da ƙarfin shayin karak.

Ranar Alhamis ya goge kaki, ya wanke usur da sabulu. Ƙarfe goma daidai aka tura motar sabon gurbi, ya rubuta mata lokaci da rubutu mai kyau. Goma da minti biyu mudir ya iso. Mutum ne mai sauri, makullin motarsa ma bai sa a aljihu ba. Tambaya ɗaya ya yi: komai lafiya?

Wayyo, wa ya aike shi? Janar ya gyara tsayuwa, ya ba filin baya, ya buɗe baki cikin Larabcin da aka yi wa ciko da Turanci da Hausa. Ya fara da tarihin launin kore. Ya bayyana bambancin rawaya da ruwan ɗorawa. Ya ce kafin zuwansa wurin nan daji ne, motoci na kwana inda suka ga dama. Mudir ya ce khalas, ya isa, Janar ya ɗauka yabo ne ya ƙara murya. Masu shayi suka dubi agogo, suka dubi juna, ba wanda ya tashi, tunda ba a hura usur ba.

Can sai ƙarar sarƙa ta taso daga baya. Daɗi ya kama Janar har cikin ƙashi, don bai taɓa zaton Allah zai kawo masa shaida a kan lokaci haka ba. Ko waiwaye bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, ka ji aikina ke nan. Wani shashasha ne ya wuce lokaci. Irinsu ba sa jin magana sai sun taka da ƙafa a rana."

Mudir na kallo ta saman kafaɗarsa. Janwe ta zo ta wuce su a hankali, a bayanta ga wata tsohuwar mota ta ɗaga hanci sama, harufan zinariya na walƙiya. Hajiya Fausatu ta fito da ludayi a hannu, dariya ta hana ta tsayuwa sai da ta dafa bango.

Mudir ya tambayi motar wa ce. Janar, wanda ya yi minti talatin bai haɗiyi miyau ba, ya duƙufa gyara igiyar usur. Masu shayi suka taimaka masa da amsa, baki ɗaya. Mudir ya sa aka kira Moro, ya tambaye shi ko ya san motar shugabansa ce ya ɗauka. Moro ya ce ya sani, amma alli ya wuce, kuma an ce masa ko ta uban mutum ce. Mudir ya gyaɗa kai, ya ce irin wannan yake nema. Nan take ya ce a ba Moro usur, Muttaka kuma ya duba bas ɗin Sanaya ranar Asabar.

Aka watse. Janar ya taka har gurbin da motarsa ta bari, ya tsaya a kan koren fenti yana kallon ɗigon baƙin mai, yana tunanin me zai faɗa wa Kausar. Ya daɗe a haka. Sai ga Moro ya ƙaraso, ya gaishe shi da ladabi, ya durƙusa a gabansa. Zuciyar Janar ta ɗan yi sanyi, ashe dai yaron kirki ne, ya zo ba da haƙuri.

Moro ya zaro alli, ya rubuta lokaci a gefen takalminsa.

"Masta," ya ce, "nan kore ne."