Ɗan Munzali A Hannun Yazid

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe kina nan, ba ki mutu kin bar mani gado ba?"

"Ina nan daram, maigida. Sai na ga wadda za ta iya zama da kai bayana."

Yazid mai walda ne a Gusau, Inna Luba kuwa kakarsa ce da ke zaune a Bungudu. Amininsa Munzali ya tafi Jidda aikin tuƙi, ya bar matarsa Rufaida da ƙaramin ciki. Ga shi ta haifi namiji a gidan iyayenta, katanga ɗaya da Inna Luba, ita ce ma ke yi mata wankan jego. Munzali ba shi da uba a raye, ba wa ba ƙane, shi ya sa ya roƙi Yazid ya je ya yi wa yaron huɗuba a madadinsa.

Inna Luba ta leƙa maƙwabta, ta dawo rungume da jariri cikin zane. Yazid ya ja da baya har ya taka butar alwala.

"Miƙo hannu."

"Riƙe shi dai, in yi daga nan. Ai ina da murya."

"Huɗuba aka ce, ba kiran kasuwa ba. A kunne ake yin ta."

"Inna, dubi hannuna. Ƙarfe nika lanƙwasawa da shi. Wanga abu ko ƙashi bai gama yi ba. Dubi tsakar kansa, motsi take yi!"

"Maɗiga ce, sakarai. Taka har tsalle take yi lokacin da na karɓe ka. Baƙi ƙirin, sai ka ce an jawo ka daga gindin tukunya."

"Ƙarya kike yi. An ce da aka haife ni sai da unguwa ta haskaka."

"Gobara aka yi a gidan Malam Arzika."

Yazid ya yi dariya, amma hannuwansa na nan a bayansa. Can ya zauna bakin tabarma.

"Inna, mu da munka taso tare duk sun watse. Munzali na Jidda, Bashar na Aljeriya, Mubarak ko inda yake ban sani ba sai ya kira. Ni kaɗai na rage. Rashin lafiya ni, jana'iza ni, gyaran rufin ɗaki ni. Duk ina yi, ban taɓa ƙorafi ba. Amma wanga ɗan mutum ne. Ubansa bai ko taɓa shi ba. In wani abu ya same shi a hannuna, da wane baki zan gaya mashi?"

Inna Luba ta zauna kusa da shi a hankali, gwiwoyinta na ƙara.

"Sadda na haifi uwarka, kakanka na can kudu wurin fatauci. Ni ma tsoronta na ji, kwana na yi ina sa yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Tsoron ba ya fita, maigida. Da shi ake ɗauka. Wanda bai ji shi ba, shi ne ba ni ba ɗa."

Ba ta jira amsa ba, ta ɗora mashi yaron a cinya. Yazid ya sandare kamar an dasa shi.

"Tallabe kan. Saki kafaɗa, ba buhun siminti ba ne."

Ya sunkuya, ya yi kiran salla a kunnen dama, sannan ya raɗa sunan da Munzali ya zaɓa: Zaharaddeen. Yaron ya yamutsa fuska, ya yi hamma, ya damƙe babban yatsan Yazid mai tabon wuta.

Inna Luba ta zaro waya daga aljihunsa, Yazid ya nuna mata inda za ta danna ta kira Munzali ta bidiyo. Fuskar Munzali ta bayyana, yana cikin mota. Da ya ga yaron, ya kifa kansa a sitiyari yana kuka.

"Kai, share hawaye," in ji Yazid. "Hancinka ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri."

Bayan sun gama, Inna Luba ta miƙo hannu.

"Kawo shi, uwarsa na jira."

"Bari tukuna, barci yake yi. Kuma hannunki sanyi gare shi."

"Ni da na yi mashi wanka?"

"Ki yi magana a hankali, tsohuwa, za ki tashe shi."

Ta dube shi, ta fashe da dariya har tana share ido da gefen mayafi. Ta shiga ɗaki ta fito da kwano mai tururi, ta ajiye gabansa.

"Ungo kunun kanwa. Tunda kai ne maijegon, gobe da asuba ka zo in yi maka wanka."