A Sauke Ni Daga Kantar Matattu

Uwarki ce ta fara gaya min wai akwai makarantar da ake tsallaka ruwa a je koyon Sifaniyanci, kuma can za ki. Rubuta haka. Ki rubuta yadda muka yi ranar da kika dawo, kar ki gyara komai. Ba na karatu, amma ina kallon hannunki.

Ina zaune bakin ƙofa da rana tsaka, sai ga ki da akwati.

"Lafiya lau, amarya. Wata shida, sai yau kika tuna kina da miji?"

"Miji ko kufai? Ashe kana nan, tsoho?"

"Ina zan je? Zo nan ki ji. Tun watanki na uku a can, kullum da hantsi sai in ji ana shafa min fuska da tsumma mai sanyi. Ɗakina yana warin kyandir, mu kuwa ba mu da kyandir. Sau biyu wanzami ya tsallake ni a layi, ya rantse bai gan ni ba."

Kika ajiye akwatin a ƙasa.

"Angona, ranar jarrabawa ce, ban shirya ba. Sai na ce wa malama kakana ya rasu."

"Subhanallahi! Duk dangi ni kika zaɓa?"

"Kai ne a bakin layi. Ba ƙarya na yi ba, riga malam masallaci na yi."

"Ja'ira! Ɗanyen ganye kan faɗi ya bar busasshe a sama. Sai aka yi yaya?"

"Tsohuwar da na sauka a gidanta, da ta ji, ta rungume ni tana kuka. Ta karɓi hotonka ta ɗora a kan wata kanta, kusa da hotunan mijinta da 'yan'uwanta da suka mutu. Kullum sai ta goge ku ɗaya bayan ɗaya, ta kunna kyandir. Ta ce ka fi mijinta kyau."

"Nan kam ta yi gaskiya. Amma kira ta yanzu ta sauke ni! Ga shi ma kwana goma ba ta goge ni ba, idona duk ƙura."

Kika buga waya. Namiji ya ɗauka. Kika yi ta gyaɗa kai, can kika zauna a kan akwatin.

"Ɗanta ne. Yau kwananta goma da rasuwa. Ya sa hotonta a gefenka, wai ta fi sabawa da kai. Sun kulle gidan."

"Kin gaya masa ina da rai?"

"Mutum na kukan uwarsa, in ce masa ƙarya na yi mata? Bakina ya ƙi."

"Bakin da ya kashe ni ne ya kasa tashe ni?"

Kika yi 'yar dariya, idonki da ƙwalla. "Na sha kaye, angona. Ga hular sanyi na kawo maka."

Na karɓa, don da ma kaina na sanyi. Amma hula ba ta sauke hoto.

To ga shi kin rubuta. Ki juya shi da yaren nan da kika je koyo, ki aika wa yaron. Ki yi masa gaisuwa, sannan ki roƙe shi ya buɗe ɗakin ya ciro ni. Ki ce ya yi sauri. Tun jiya nake jin wata tsohuwa na magana ƙasa-ƙasa ta gefen damana, kuma na fara gane abin da take cewa.