Rasuwar Cajata Mai Kai Uku

Ga ta nan, ga ta nanku! Af, kun ga bakin da ya saba. Kada wanda ya ce ta zo mu ji ta, yau sanarwa ce. Bari in gyara zama, in gyara fuska.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci yana shessheƙa, ni kakar gidan nan, a madadin ɗana direba da surukata da jikokina kaf, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokiyar zamana, cajar wayata mai kai uku, wadda ta cika da hantsi a gefen gadona bayan doguwar jinya.

Ɗana direba ne ya kawo marigayiya daga wata tafiya, ya ce, "Inna, ga wannan, kowace waya tana ci." Na juya ta, jela ɗaya, kawuna uku. Na ce wannan ai dodo ce. Ashe alheri ne ya shigo ɗakina.

Kafin zuwanta, jikokin nan daga bakin ƙofa suke jefo mini "Kaka ina kwana", ido a kan waya, kafin in amsa sun ɓace. Da ni da agogon bango muke hira. To a gidan nan caja ba ta yin wata guda, ko ta ɓace ko a ara a manta. Tawa kuwa ba ta fita, don na ɗaure ta a ƙafar gado da igiyar takalmi. Mai son caji ya zo ya zauna. Sai na kafa doka: ladan caji kalmar Turanci ɗaya. Ba kalma, ba wuta.

Ta haka na yi karatun da ban yi da ƙuruciya ba. Jikana da nake kira angona shi ya fara biya. Ya ce sunan marigayiya yunibasal, wato ta kowa da kowa. Na ce lallai an raɗa mata sunan da ya dace da halinta. Jelar kebul ce, kawunan kwanekta, ramin da ke gindin waya fot. Kai na farko maikuro, mai taurin rai, in ka juya shi ba ya shiga sai ka nemi gabansa. Na biyu taif-si, ɗan albarka, ta ko'ina ka zo masa yana karɓa. Na uku siriri mai santsi, laitinin, wai walƙiya, shi ne na wayar takwarata, babbar jikata mai karatun jinya. Wanda ya fi mini daɗi a baki shi ne kwamfatibul, abin da ya dace da ɗan'uwansa. Ran da surukata ta ɗora ƙaton murfi a kan ƙaramar tukunya na ce mata, "'Yar nan, ba kwamfatibul ba ne." Sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

Marigayiya ba ta da yawan magana. Iyakarta "tilin!" in waya ta karɓi wuta. Wannan tilin ɗin ya fi mini kiɗa. Ba ta taɓa tambayar waya ko ta masu hali ce ko mai fasasshen gilashi ba. Ta shayar da fitila, ta shayar da rediyona, ta shayar da wayoyi uku a lokaci guda ba ta ce ta gaji ba. Wata rana na lura wayar takwara ba ta yin tilin, na tambaya, ta ce ta sa ta a sailen, wato ta hana ta yin ƙara. Na karɓi sailen a matsayin ladan ranar, na ci gaba da ba ta labarin yadda kakanta ya faɗa kwata ran da ya zo gaishe ni.

Ciwon ajalinta a wuya ya fara. Muka naɗe da salatif. Daga baya sai an tanƙwara ta, a danne da kwalbar man zafi, kowa ya riƙe numfashi, sannan ta yi tilin a hankali kamar mai jin kunya. Autan jikoki da ke fitar da haƙora ya ɗan tauna jelar, Allah ya shirye shi. Ranar ƙarshe na sa wayata, shiru. Na hura, na girgiza, na lallashe ta da sunanta na Turanci. Shiru.

Jama'a, ba wutar ce ta dame ni ba, wuta ko a shago ana samu. Ƙofata na kalla. Na ce shi ke nan, mun koma "Kaka ina kwana" daga nesa.

Na naɗe ta a hankici na kai wa mai gyaran waya na bakin titi. Ya gwada kai ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Mama, sai haƙuri, ta tafi. Amma wannan siririn ai ya daɗe da mutuwa. Dubi tsatsa, ya fi wata da watanni ba ya kawo wuta."

"Kai yaro, rufe bakinka! Jiya-jiyan nan takwarata ta yi caji da shi har la'asar."

"To Mama, ko dai da iska take caji."

Na dawo gida ina lissafi. Da takwara ta dawo daga makaranta na tare ta a ƙofa.

"Zo nan, uwar 'yan sailen. Yaushe kan nan ya mutu?"

Ta rufe fuska da jaka. "Kaka, tun kafin jarrabawa."

"To me kike zuwa yi kullum, kina soka waya a gawa?"

"Da me zan ce na zo yi? In na ce hira na zo, cewa za ki yi na rasa aiki, ki aike ni sayen sabulu."

Angona da ke laɓe ya fashe da dariya, ya ce shi ma cajarsa tana ƙarƙashin katifa, bai taɓa ɓatar da ita ba. 'Yan banza! Na ɗaga mafici zan kai musu duka, dariya ta ƙwace mini hannu, hawaye ya biyo baya, ban san na wanne ba ne.

Marigayiya ta rasu ta bar kan caja ɗaya, wanda ake jona jelar a jikinsa, yana zaman makoki a soket, da kwalbar man zafi, da igiyar takalmi, da wayoyi marayu, da tsohuwa guda mai Turanci a baki.

Za a sa marigayiya a gwangwanin alewa a ɗora a saman kwaba gobe da yamma, bayan an tashi daga makaranta. Ana karɓar gaisuwa a ɗakina kullum, ba ranar tashi. Kada a zo da komai sai kalma ɗaya. Wanda ya maimaita wadda na sani, a bakin ƙofa zai tsaya.

Ɗana direba ya sayo sabuwa, tana cikin kwalinta, ban buɗe ba. Surukata ta sami murfin da ya dace. Auta ya koma taunar takalmi. Angona ya fito da cajarsa daga ƙarƙashin katifa. Takwara kuwa tana nan zaune a gefen gadona, waya a jaka, kuma ban aike ta ko'ina ba.