Yadda Na Raba Gadona Ina Raye

A daminar bara na fara jin ɗanɗanon ƙarfe a bakina, kamar na tsotsi ƙusa. Ni mutum ne mai bincike, don haka ban tambayi kowa ba, na tambayi wayata. Kafin la'asar na tabbatar ƙodata ta gama aiki.

Na karɓi hukuncin cikin natsuwa. Na kira ƙanena Sabi'u daga garin Ƙofa, na damƙa masa babur ɗina a gaban shaidu, na ce kyauta ce, kada a sa shi cikin gado. Ya yi hawaye, amma na lura sai da ya leƙa tankin mai kafin ya tafi.

Washegari na je asibiti a Kankia, aka auna jinina, aka ce ƙalau nake. Kwana biyu ɗanɗanon ya ɓace. Ina cikin yi wa maiɗakina bayanin cewa cutar irin mai laɓewa ce, sai ta ce, "Malam, ba kai ne kullum in ka ci tsire kake sakace da makullin babur ba? Tun da ka bayar, da me kake yi?"

Da tsinke nake yi.

Na aika wa Sabi'u cewa na warke. Ya ce alhamdu lillahi, ai ba zai maido mini da cuta gida ba. Yanzu duk ranar kasuwar Kusada sai ya ci birki gabana ya ce, "Yaya, hau in rage maka hanya. Amma kar ka taɓa makullin, likita ya hana."