Yadda Za Ka Zaɓa wa Motarka Inji, Bisa Tafarkin Maharazu Direba

In motarka ta zama abin dariya a tasha, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari kafin wata ya mutu sunanka zai kai ƙasashe biyu. Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma na shekara goma ina zama a inuwar garejin Lawwali makanike a Illela, kuma a idona aka yi na Maharazu.

Mataki na 1: Nemi abokin hamayya

Kada ka taɓa inji sai ranka ya ɓaci. Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, Maharazu na jan tsohuwar akori-kura tsakanin Illela da Sakkwato, yana zaune lafiya, sai wani direba, Dabo, ya sayo sabuwa. Kullum a daidai Gidan Katta Dabo zai wuce shi har da gaisuwa ta taga. Da Alhaji Mukhtari mai fataucin albasa ya ce wanda ya fi sauri shi zai riƙa kwasar masa kaya duk kakar bana, Maharazu ya bar tuwonsa a kwano ya nufi gareji. Kai ma ka bar naka.

Mataki na 2: Saurari makanike, amma da kunne ɗaya

Lawwali ya jera masa inji uku a kan buhu. Ya yi masa bayani cewa bambancinsu na ga tsawon tafiyar fistin a cikin silinda: na farko gajeren taku gare shi irin na jaki, na biyu irin na doki, na uku kuwa, wanda aka ciro daga mushen wata babbar mota a Ƙonni, takun raƙumi ne. Ya ce na tsakiyar ne daidai da jikin motar.

Maharazu ya dafa na ukun.

"Wanga fa ya hi ƙarhin motakka," in ji Lawwali. "Sai an sake birki, an sake giya."

"Mi ya haɗa birki da tsere?" in ji Maharazu.

Ka haddace wannan amsa. Wanda ya tambayi birki tun bai tashi ba, bai yi niyyar zuwa ko'ina ba.

Mataki na 3: In bai shiga ba, yanke motar

Injin bai shiga ba. Aka yanke gaban motar, aka ture kujerar direba baya, har sai da Maharazu ya miƙe ƙafa kamar mai alwala a bakin rijiya kafin ya taɓa totur. Murfin gaba ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiyar rama. In mutane suka taru suna kallo, ka ce musu haka ake yayi a Ikko. Babu wanda zai je ya duba.

Mataki na 4: Kada ka shawarci iyali

Da aka tayar da injin, Tasalla matar Maharazu ta jiyo shi daga unguwa ta uku. Da ya koma gida ta tambaye shi ko motar za ta ɗauki injin ne ko injin ne zai ɗauki motar. Ya ce harkar ƙarfe ba ta mata ba ce. Sai ta saka masa ƙarin goro a aljihu, wai ko tafiya za ta yi nisa.

Mataki na 5: Yi gwaji ta wajen arewa

Da hantsin ranar tseren, Alhaji Mukhtari da Dabo na tasha suna jira, Maharazu ya ce bari ya ɗan zaga ya ɗumama inji. Ya juya kan motar ta hanyar Ƙonni ya taka. Rabonsa da irin wannan daɗi tun yana yaro a bayan doki. Bishiyoyi na wucewa, hularsa ta tashi bai waiwaya ba, yana ta dariya shi kaɗai.

Da ya hango sandar kan iyaka ya taka birki. Birkin ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, ya sallama. Ma'aikacin da ke tsaye ya ɗaga sandar da sauri don ya tsirar da ita. Haka Maharazu ya shiga Nijar babu takarda, babu hula, kuma a hannun hagu, alhali can dama suke bi. Wani tudun yashi ne ya karɓe shi, kusa da wata rijiya inda makiyaya ke shayar da shanu.

Mataki na 6: Yi ladabi ga hukuma

Jandarman da ya iso a kan keke dattijo ne. Ya kwance igiyar ramar, ya daɗe yana duban injin, sannan ya ce ya san shi, shi ya tuƙa motar da aka ciro shi daga cikinta, kuma ko ita da tayoyinta shida da ƙyar take riƙe shi. Ya karɓi goro biyu, ya sa aka ɗaura motar a bayan bijimai aka mayar da ita Illela. Sun shigo gari da la'asar a hankali, Maharazu na zaune a sitiyari, daidai lokacin da Dabo ke dawowa daga Sakkwato ya sauke albasar Alhaji.

Mataki na 7: Nemo wa injin aikin da ba ya buƙatar birki

Kwana uku Maharazu bai fita ba. A na huɗu Tasalla ta aika aka kira Lawwali, suka yi magana a zaure. Aka mayar wa motar ɗan injinta na da. Babban kuwa aka kafa shi a kan siminti bayan gida, aka haɗa masa bel da abin niƙa. Yau mata daga Lafani da Garu ke layi da kwaryar gero, Tasalla na tsaye a kansu. In baƙo ya tambayi wa ya fi kowa babban inji a Illela, Maharazu ake nuna masa, shi kuma ya gyara zama ya amsa gaisuwa.

Sanarwa

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, tsakaninka ne da makanikenka da matarka. Ban san ka ba, ban ga motarka ba, kuma in jandarma ya tambaye ka wa ya ba ka shawara, ka ce a hanya ka tsince ta.