Yadda Za Ka Sa A Hana Ka Magana, Sunanka Ya Zaga Gari

Na yi maka alkawari, kai mai karatu: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin wata guda za a hana ka magana, kuma kowa zai san sunanka. Ni na gwada, ya yi aiki.

Sunana Shitu, ana ce mini Baba Shitu. Mutumin Fagge ne ni, amma yau shekara biyu ina Guangzhou ta ƙasar Sin, ina duba wa ɗan ƙanena Maidaji kwalayen takalma kafin a rufe kwantena. Bokona a aji huɗu ya tsaya, sai dai ina da ido a kan abin da mutane ke wucewa ba su gani ba. A ɗakina akwai warin takalmi arba'in da ɗaya, duk na ƙafar hagu, irin wanda masu shago ke bayarwa samfur. Nakan zauna ina tunanin inda na damansu suke.

A cikin ɗayansu na samo wannan ilimi. An cusa masa tsohuwar jaridar Ingila don kada ya lotse. Da na warware ta sai ga hoton wani Bature mai jar fuska, ya manna filasta a bakinsa. Na kai wa Alhasan, mai aikin tura kaya, ɗan zangon Kumasi da ke jin Turanci sosai. Ya ce mutumin mai sharhin siyasa ne, ɗan ra'ayin riƙau, yana kukan an hana shi magana a ƙasarsu.

Na ce, "To wannan rubutun shafi uku fa, na wane ne?"

"Nasa ne, Baba."

"Bayan an hana shi?"

"Duk mako yake yi. Har shiri gare shi a rediyo."

Tunda nake ban taɓa jin sana'a mai kyan wannan ba. Ga yadda ake yin ta.

1. Nemi inda ake jin ka

Kada ka yi kuskurena na farko. Na tsaya a tsakiyar kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, na faɗi duk abin da ke raina da Hausa, har da wanda ba zan faɗa a Kano ba. Wani mai shago ya saurare ni har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce "meyo", wato babu. Ka ga 'yancin magana cikakke ke nan, kuma ba shi da amfanin komai.

A duk garin nan ɗaki guda ne ake jin Hausa: falon Hajiya Fasuma 'yar Ghana, hawa na biyar a unguwar Dengfeng, inda take sayar da tuwo da wake da shinkafa irin na Ghana. Ba mu wuce mu goma sha biyar ba in an cika. Kujerata shuɗiya ce ta roba, a bakin taga, inda nake hango wani tsoho yana kiwon tattabaru a kan rufin gida. Riƙe wannan kujera a ranka. Wanda ya rasa irinta a garin nan yana iya yin mako bai ji an ce masa sannu ba.

2. Zaɓi wanda za ka taɓa

Jarumta tana son lissafi. Na tambayi Alhasan ko Baturen ya taɓa zagin mai jaridar. Ya duba shafi ukun tsaf, bai gani ba. Kai ma kada ka taɓa mai buga maka hatimi a fasfo, ko mai gidan hayarka, ko duk wani mai hula da igiya a kafaɗa. Waɗannan ba sa musu da mutum.

Shi Baturen baƙi 'yan ci-rani yake taɓawa. Baƙi sun fi kowa dacewa, domin kullum akwai su, kuma ba su da shafi uku.

Za ka ce, ai mu ma baƙi ne a nan. Na kwana biyu a kan wannan matsala kafin na warware ta. Baƙo shi ne duk wanda ya sauka bayanka. Ni na riga Hajiya Fasuma da Alhasan zuwa da wata bakwai. A lissafina na zama ɗan gari.

3. Share fage kafin ka buɗe baki

Kada ka faɗi magana tsirara. Fara da cewa, "Na san za a tsane ni a kan wannan." Ka ɗan yi shiru, ka dubi silin. Sannan ka ƙara da cewa mutane da yawa sun same ka a ɓoye sun ce ra'ayinsu ke nan, tsoro ne ya hana su faɗa. Ba wanda zai nemi sunayensu. In an nema, ka ce amana ce.

4. Yi hattara da furfura

Nan ne aikin ya kusa gagara ta, kuma jaridar ba ta yi gargaɗi ba.

Na fara da ƙananan abubuwa. Na ce 'yan kasuwar yanzu ba fatake ba ne, masu ɗaukar kwali ne. Aka ce, "Haka ne, Baba." Na ce duk mai cin tuwo da cokali ya bar gida har abada, ina kallon Kallamu, wani ɗan Maiduguri mai sayen agogo, da cokali a hannunsa. Ya ajiye cokalin ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," da na juya ya ɗauka. Na ce bai kamata mace ta tsallaka teku neman kuɗi ba. Hajiya Fasuma ta ce, "Gaskiyarka, Baba," ta ƙara mini tsokar nama.

Mako uku ina wannan. Na ƙara ƙiba, ban sami maƙiyi ko ɗaya ba. Baturen nan ya yi sa'ar ƙasa: can ana mayar wa tsoho magana. Mu kuwa in tsoho ya yi shirme sai a gyara masa zama. In kana da furfura, ka sani girmamawa ce babbar abokiyar gabarka.

5. Nemo inda ke da ciwo

Ranar wata Juma'a, mun dawo daga masallaci, falo ya cika har ana zama a kan tabarma. Na dubi silin. Na ce na san za a tsane ni. Sannan na ce, "'Yan Ghana sun cika mana wuri. Hausar ma da kuke yi aro ce. Da ni ke da iko, da kowa ya tattara ya koma ƙasarsu."

Ba wanda ya ce haka ne. Na ji daɗi ƙwarai.

Hajiya Fasuma tana tsaye da ludayi a hannu. Ta ce, "Baba, an taɓa gaya mini haka. A tamanin da uku, a Kano. Ina da rumfar abinci a Sabon Gari, aka ba mu mako biyu mu bar ƙasar. A bayan tirela na bar garin, da tukunya ɗaya." Ta nuna kicin da ludayin. "Ita ce waccan da kake ci daga cikinta. Kakana kuwa daga Fagge ya tafi Kumasi fataucin goro. Wataƙila kun haɗa katanga."

Alhasan ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa. Shi ne ya karanta mini jaridar, don haka ya san inda na samo kalmomin.

A irin wannan lokaci wani abu zai taso maka a ƙirji yana so ka yi shiru. Danne shi. Faɗi abin da ƙwararru ke faɗa. Ni na ce, "Ra'ayina ne. Ko ba ni da 'yancin faɗa?"

Ta ce, "Kana da shi, Baba. A ƙara miya?"

6. Kada ka ba da haƙuri

Washegari da azahar ina neman hulata sai ga Maidaji da kular abinci.

"Hajiya ta ce hawa biyar ya yi wa gwiwarka yawa. Kullum za a riƙa kawo maka."

Ka gani? An hana ni, kuma an yi shi da ladabin da ba zan iya kai ƙara ba. Na gaya wa Maidaji wannan nasara ce.

Ya ce, "Baba, don Allah ka je ka ba ta haƙuri. Kalma biyu ce."

Na ce masa Baturen ya shekara ashirin a wannan aiki bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Ya ce Baturen ba tuwon Hajiya yake ci ba. Yaran yanzu ba su da zurfin tunani.

7. Shelanta cewa an rufe maka baki

Wannan shi ne cikon sana'ar. Na sayi filasta a kantin magani, na manna a bakina, na zauna a ƙofar gidanmu inda jama'a ke wucewa. Ba mai ɗaukar hoto da ya zo. Matar mai gidan ta ɗauka haƙori ke damu na, ta kawo mini wani baƙin shayi mai ɗaci, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Shawara: in kana da gemu, aske wurin tukuna.

A nan na gano abin da jaridar ta ɓoye. Baturen in an kore shi daga ɗaki ɗaya, ɗakuna goma ne ke buɗe masa. Ni ɗakin ɗaya ne. Na jera takalman hagun nan a kan gado, na yi musu bayanin zaluncin da aka yi mini. Sun fi mutanen falo natsuwa, amma ba wanda ya tambaye ni yaya gwiwa. Tuwon yana zuwa da zafinsa, nama ma bai ragu ba. Kwana tara ina ci ina kallon bango. Tattabarun ma daga tagata ba a ganin su.

8. Mayar da kula

Ka lura da kyau, ban ce ka ba da haƙuri ba. Kula kayan mutane ce, mayar da ita wajibi ne. Rana ta goma na wanke ta da kaina, na hau hawa biyar, ina hutawa a kowane hawa.

Na shiga falo. A kan shuɗiyar kujerata an ɗora buhun shinkafa. Ba wanda ya zauna a kai, ba kuma wanda ya tashi ya sauke.

Na miƙa kular. Hajiya Fasuma ta karɓa ta buɗe, ta ga a wanke take, ta rufe. Na tsaya. Na dubi silin, amma ba abin da ya zo. Sai wasu kalmomi suka suɓuce mini, abin da nake dangantawa da tsufa da hawan bene. Na ce, a hankali, "Hajiya, na yi kuskure. Ki yafe ni."

Ta karkato kunne. "Me ka ce, Baba? Ɗaga murya. Ai nan ba mai hana ka magana."

Na ɗaga. Har Kallamu da ke can ƙarshen tabarma ya ji, ya ajiye cokali. Alhasan ya tashi ya kama buhun ta gefe ɗaya, ya tsaya yana jira na. Na kama ɗaya gefen.

Gargaɗi

Wannan jagora ilimi ne kawai na bayar. Duk wanda ya bi shi ya rasa aboki, ko gemu, ko wurin cin tuwo, ba ruwan Shitu, ba ruwan Maidaji, ba ruwan takalmin da jaridar ta fito daga ciki. Ya nemi Baturen, shi ke da shafi uku. Kada kuma ya zo Dengfeng neman wurin zama. Kujerar ɗaya ce, kuma ina kai.